Seth Bullock: Rayuwar jami'in da ya kai doka garin zinare na Deadwood

A ranar 21 ga Maris, 2004, tashar talabijin ta HBO da ke Amurka ta fara nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango mai suna Deadwood, wanda David Milch ya ƙirƙira kuma ya rubuta mafi yawansa. Masu kallon da suka saba da fina-finan kaboyi na da, inda jarumi ke zuwa da farar hula ya harbe ɓarayi ya kama gabansa, sun tarar da wani abu daban. Sun ga gari mai taɓo da ƙazanta, mashaya da gidajen karuwai, gawarwakin da ake jefa wa aladu, da mutanen da kusan ba sa gama jimla ba tare da ashar ba. A tsakiyar wannan hargitsi akwai wani mutum mai gashin baki da saurin fushi, Seth Bullock, wanda ɗan wasa Timothy Olyphant ya fito a matsayinsa.

Ra'ayin masu kallo ya rabu tun daga makonnin farko. Wasu sun kashe akwatunansu saboda yawan zagi da zubar da jini. Wasu kuma sun ɗauki wasan a matsayin ɗaya daga cikin mafi kyawun abin da aka taɓa rubuta wa talabijin, saboda yadda ya haɗa magana mai zurfi da ta 'yan tasha a baki ɗaya. Masana harshe sun yi nasu ƙorafin, inda suka nuna cewa zagin mutanen wancan zamani ya fi karkata ga saɓo da ambaton abubuwan addini, kuma ashar ɗin da ke cikin wasan na zamanin yanzu ne. Milch ya zaɓi hakan da gangan, domin zagin ƙarni na 19 dariya zai ba mai kallon yau maimakon ya girgiza shi. Da tashar ta dakatar da wasan a 2006 bayan zango uku da kashi 36, masoyansa sun yi ta ƙorafi na tsawon shekara 13, har aka fitar da fim ɗin kammalawa a 2019.

Tambayar da ta fi yawo a tsakanin masu kallo ita ce nawa ne gaskiya a cikin abin da suka gani. Garin Deadwood yana nan har yau a jihar Dakota ta Kudu, kuma Seth Bullock mutum ne da ya rayu. Sai dai wanda ya bi diddigin rayuwarsa zai tarar cewa shekarun da ya yi a teburin gwamnati yana sa hannu a takardu sun ninka waɗanda ya yi yana farautar masu laifi a titi sau da yawa.

Ɗan ma'ajin da ya gudu

An haifi Seth Bullock ranar 23 ga Yuli, 1849, a garin Amherstburg da ke lardin Ontario na Kanada a yau, kusa da birnin Detroit na Amurka. Mahaifinsa, George Bullock, tsohon sojan Birtaniya ne da ya shiga siyasar yankin bayan ya ajiye kaki, har ya zama ma'ajin gunduma. Wajen 1860 aka nemi wasu kuɗaɗen baitulmali aka rasa, sai uban ya bar muƙamin ya tsallaka Detroit don kauce wa shari'a. Seth bai wuce shekara goma sha ɗaya ba a lokacin. Yaro ne da ya ga yadda kuɗin jama'a ke zubar da mutuncin gida, kuma ya taso a ƙarƙashin uba mai tsanani wanda ba su cika jituwa ba.

Ya gudu daga gida tun yana matashi aka dawo da shi, sannan a 1867, yana da shekara 18, ya tafi tafiyar da bai sake komawa ba. Ya sauka a Helena, garin masu haƙar zinare a yankin Montana, wanda a lokacin bai zama jiha ba. A can ya yi sana'ar gwanjo da dillancin kaya, ya shiga ƙungiyar kashe gobara ta garin har ya shugabance ta. Siyasa ta ja shi da wuri. Ya zama ɗan majalisar dattawan yankin a 1871 da 1872, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, kuma yana cikin waɗanda suka tura ƙudurin da ya roƙi majalisar dokokin tarayya ta killace yankin Yellowstone. A ranar 1 ga Maris, 1872, Shugaba Ulysses Grant ya sa hannu a dokar da ta mayar da Yellowstone gandun shaƙatawa na ƙasa na farko a Amurka.

A 1873 aka zaɓe shi sherif, wato babban jami'in tsaro, na gundumar Lewis da Clark. Daga wannan zamani ne wasan Deadwood ya ɗauko fitowarsa ta farko, inda aka nuna shi yana rataye ɓarawon doki da hannunsa a gaban gungun mutanen da suka zo ƙwace shi, domin hukuncin ya kasance na hukuma, kada ya zama na 'yan ɗaukar doka a hannu. A 1874 ya auri Martha Eccles a birnin Salt Lake City. A Helena kuma ya haɗu da Sol Star, Bayahude haifaffen Bavaria a Jamus, wanda ya zama abokin kasuwancinsa na kusan dukan rayuwa.

Ƙasar da ba ta masu zuwa ba

Ba za a fahimci abin da Bullock ya tarar a Deadwood ba sai an san matsayin ƙasar da garin ya zauna a kai. Duwatsun Black Hills, waɗanda mutanen Lakota ke kira Paha Sapa, wuri ne mai tsarki a wurinsu. Yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar musu da mallakar yankin, ta kuma hana fararen fata zama a cikinsa. A 1874 rundunar Laftanar Kanar George Custer ta shiga duwatsun da sunan bincike, ta dawo da labarin zinare. Amurka na cikin matsin tattalin arziki tun faɗuwar bankuna ta 1873, saboda haka dubban mutane suka kwarara. Da farko sojoji sun riƙa korar su, daga baya gwamnati ta kau da kai.

Wannan ne ya sa Deadwood ya zama gari marar doka a ma'ana ta zahiri. Tun da a takarda ƙasar ta Lakota ce, dokokin yankin Dakota ba sa aiki a wurin. Babu kotu, babu ɗan sanda, babu takardar mallakar fili da wata hukuma za ta amince da ita. Duk wanda ke cikin garin, mai gaskiya da ɓarawo, ya shigo ne ba bisa ƙa'ida ba. A watan Yuni na 1876 mayaƙan Lakota da Cheyenne suka hallaka Custer da mutanensa a yaƙin Little Bighorn, abin da ya ƙara tunzura gwamnatin tarayya.

Bullock da Star sun iso Deadwood ranar 1 ga Agusta, 1876, da amalanke cike da kayan aikin haƙa: gatura, diga, tukwane, igiyoyi da makamantansu. Bullock ya riga ya tura matarsa da jaririyarsu wurin danginta a Michigan. Lissafinsu mai sauƙi ne. Mai haƙar zinare yana iya samu, yana iya rasawa, amma ko wanne ne sai ya sayi shebur. Washegari, ranar 2 ga Agusta, wani mai suna Jack McCall ya harbe shahararren ɗan bindiga Wild Bill Hickok ta baya yana cikin caca a mashaya. Wasan talabijin ya nuna Bullock da Hickok a matsayin aminai, alhali kwana ɗaya tak ya haɗa su a garin.

Abin da ya biyo bayan kisan shi ya nuna wa 'yan kasuwar garin halin da suke ciki. Kotun da masu haƙa suka haɗa cikin gaggawa ta sallami McCall. Sai daga baya hukumomi suka kama shi, suka yanke cewa shari'ar farko ba ta da tushe tun da an yi ta a ƙasar da babu ikon kotu, aka sake gurfanar da shi a Yankton, aka rataye shi ranar 1 ga Maris, 1877.

Wata tara a kan kujera

Cutar agana ta ɓulla a garin a wannan watan na Agusta, sai mazauna suka kafa kwamitin lafiya da kula da tituna, wanda shi ne gwamnatin farko da Deadwood ta samu. Bullock na cikin 'yan kwamitin. Aikinsu shi ne gina wurin keɓe marasa lafiya, share tituna, rage haɗarin gobara da tara kuɗin yin hakan daga hannun mutanen da ba wata doka da ta tilasta musu biya.

A watan Fabrairu na 1877 majalisar dokokin Amurka ta zartar da dokar da ta ƙwace Black Hills daga Lakota, ba tare da sa hannun kashi uku cikin huɗu na mazajensu ba kamar yadda yarjejeniyar 1868 ta shardanta. Da haka yankin ya shiga ƙarƙashin gwamnatin Dakota, aka ƙirƙiri gundumar Lawrence, kuma Gwamna John Pennington ya naɗa Bullock sherif ɗinta na farko a watan Maris.

A nan ne sunansa ya kafu. Ya zaɓi mataimaka masu tsayawa, ya yi fama da 'yan fashin da ke tare motocin dawakai masu ɗauke da zinare a hanyar Cheyenne da Sidney, ya kuma riƙa shiga tsakanin masu rikicin ramukan haƙa. Abin da aka fi tunawa da shi shi ne bai kashe kowa ba a tsawon aikinsa a Deadwood. Dogo ne mai kaifin ido, kuma waɗanda suka san shi sun shaida cewa kallonsa kaɗai kan sanyaya wa mai rigima gwiwa. Wannan ya sha bamban da Bullock na talabijin, wanda ke dukan mutane har su suma idan ransa ya ɓaci.

Gwaji mafi wuya ya zo ne a ƙarshen 1877, lokacin da ma'aikatan mahaƙar Keets suka shige cikin ramin suka ƙi fita saboda an hana su albashinsu. Suna da makamai da abinci, kuma jama'a da yawa na tausaya musu. Bullock yana riƙe da umarnin fitar da su. An kawo sojoji, amma bai bari a buɗe wuta ba. Ya sa aka kunna farar wuta aka zura cikin ramin, hayaƙin ya tilasta musu fitowa ba tare da an zubar da jini ba. Masu mahaƙa sun yaba masa. Ma'aikata kuwa sun ga cewa dokar da ya zo da ita ta fi saurin kare mai dukiya a kan mai gumi.

Mutanen gundumar ba su ji daɗin yadda gwamna ya naɗo musu jami'ai daga nesa ba, sai suka matsa a yi zaɓe. A watan Nuwamba na 1877 Bullock, ɗan jam'iyyar Republican, ya sha kaye a hannun John Manning na Democrat, wanda ke da mashaya da goyon bayan talakawan masu haƙa. Ya sake tsayawa a 1878, ya sake faɗuwa. Mutumin da duniya ta sani da sherif ɗin Deadwood bai cika shekara guda a kujerar ba, kuma masu ƙuri'ar garin ba su taɓa zaɓarsa a kanta ba.

Ɗan kasuwa, makiyayi, mai kafa gari

Faɗuwa zaɓe ba ta kore shi daga garin ba. Ya ci gaba da taimaka wa hukumar tsaro ta tarayya a matsayin mataimakin marshal, amma hankalinsa ya koma kasuwa. Martha ta iso da 'yarsu Margaret, suka ƙara haihuwar Florence da Stanley. Wasan talabijin ya mayar da Martha matar yayansa da ya gada bayan rasuwarsa, ya kuma ƙirƙira masa soyayya da wata attajira mai suna Alma Garret. Duka biyun ƙagaggu ne. Martha matarsa ce ta ƙuruciya, kuma ta zama jigo a harkokin coci da ilimi na garin.

Ranar 26 ga Satumba, 1879, gobara ta cinye gine-gine kusan 300 a Deadwood. Garin ya sake ginuwa, wannan karon da tubali da dutse, kuma shagon Star da Bullock ya sayar da kayan ginin. A lokacin zinaren da ake tsinta a rafi ya fara ƙarewa, arzikin ya koma hannun masu jarin da za su iya fasa dutse. George Hearst da abokansa sun sayi mahaƙar Homestake a 1877 a kan dala 70,000, kuma ta ci gaba da aiki har farkon wannan ƙarni. Bullock ya zuba kuɗi a haƙar ma'adinai shi ma, wasu jarin suka ci riba, wasu suka nutse, musamman a hada-hadar azurfa ta shekarun 1880.

Inda ya fi barin tarihi shi ne a filayen arewa da duwatsun. Shi da Star sun kafa gonar kiwon shanu da dawakai a inda kogin Redwater ya haɗu da na Belle Fourche, kuma shi ake danganta wa shigo da ciyawar alfalfa yankin a 1881, wadda ta zama ginshiƙin abincin dabbobi a lokacin sanyi. Da kamfanin jirgin ƙasa ya doso yankin a 1890, kowa ya ɗauka tashar za ta sauka a Minnesela, hedikwatar gundumar Butte. Masu filaye a can suka tsawwala farashi. Bullock ya ba kamfanin hanya kyauta ta cikin gonarsa, sannan ya yanka filaye ya riƙa ba duk wanda zai ƙaura daga Minnesela. Haka garin Belle Fourche ya samu, ya karɓe hedikwatar gunduma a 1894, ya zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin lodin shanu a Amurka. Minnesela kuwa ta zama kufai. Mutanenta ba su tuna Bullock da alheri ba.

A 1894 wata gobarar ta ƙone shagonsu na Deadwood. Maimakon su sake gina shi, sai suka gina otal mai hawa uku da ɗakuna sama da sittin a wurin. Otal ɗin Bullock yana karɓar baƙi har yau. Sol Star ya yi shekara 14 yana magajin garin Deadwood. Al Swearengen, mai gidan rawa na Gem, wanda Ian McShane ya mayar da shi tauraron wasan har ya ci lambar Golden Globe, a zahiri ɗan jihar Iowa ne da ya yi ƙaurin suna wajen yaudarar 'yan mata da alƙawarin aiki sannan ya tilasta musu karuwanci. Ya bar garin bayan gidansa ya ƙone a 1899, aka tsinci gawarsa a Denver a 1904.

Abota da Roosevelt da aikin tarayya

Bullock ya haɗu da Theodore Roosevelt a filayen Dakota, a lokacin da yake rakiyar wani ɓarawon doki da ya kama. Roosevelt ɗan manyan New York ne da ya yi kiwon shanu a yankin, kuma yana da sha'awar mutanen yamma masu juriya. Abotar ta ɗore har mutuwa, kuma ita ta juya rabin rayuwar Bullock na biyu.

Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifen a 1898, Bullock ya shiga rundunar mahaya ta 'yan sa kai da ake kira kaboyin Grigsby, aka ba shi muƙamin kyaftin. Rundunar ba ta bar sansanin horo na Chickamauga a jihar Georgia ba har yaƙin ya ƙare, amma sunan Kyaftin ya bi shi har kabari.

A 1901 aka naɗa shi shugaban gandun dajin Black Hills, wanda Shugaba Grover Cleveland ya killace a 1897. Mutanen yankin sun tsani wannan killacewa. Masu haƙa na buƙatar katako don tokare ramuka, makiyaya na son ciyawa, masu injin yanka katako sun saba sarewa ba tare da tambayar kowa ba. A wannan gandu ne gwamnatin tarayya ta fara sayar da itace bisa ƙa'ida a 1899, kuma kamfanin Homestake ne ya saya. Ga kuma annobar wani ƙwaro da ke huda ɓawon itace yana kashe dazuzzuka.

Aikin Bullock shi ne ya sa maƙwabtansa da abokan cinikinsa su karɓi takardar izini, su biya kuɗi, su kuma yarda cewa wani ofishi a Washington na da ta cewa a kan bishiyar da ke bayan gidansu. Ya dage a ɗauki masu gadin daji daga mutanen yankin, waɗanda suka iya hawan doki da kashe gobara kuma jama'a ke jin maganarsu, maimakon 'yan alfarmar da 'yan siyasa ke turowa. Ya nemi a ba jami'in da ke wurin ikon yanke ƙananan hukunce-hukunce, domin mai neman itacen gyara shinge kada ya jira watanni kafin amsa ta zo daga babban birni. Wannan ra'ayi ya dace da na Gifford Pinchot, wanda ya kafa hukumar gandun daji ta Amurka a 1905 a kan irin wannan tsari. Da aka mayar da kogon Wind Cave gandun ƙasa a 1903, kula da shi na farko ya faɗo a ƙarƙashin ofishin Bullock.

Ba a rasa masu cewa kusancinsa da fadar shugaban ƙasa ne ya ba shi muƙamin, kuma akwai gaskiya a ciki. Roosevelt ya zama shugaba a watan Satumba na 1901 bayan kisan William McKinley, kuma ƙofarsa a buɗe take ga Bullock. Shugaban kan tura 'ya'yansa maza hutu wurinsa don su koyi hawan doki da zaman daji. A bikin rantsar da Roosevelt na 4 ga Maris, 1905, Bullock ya jagoranci tawagar kaboyi kimanin hamsin a faretin Washington. A ƙarshen shekarar aka naɗa shi marshal na tarayya mai kula da jihar Dakota ta Kudu baki ɗaya.

Ya riƙe wannan muƙami har 1914. Shugaba William Taft ya sabunta masa, ya kuma shiga farkon mulkin Woodrow Wilson na jam'iyyar adawa. Aikin marshal a wannan zamani ya ƙunshi isar da sammaci, rakiyar fursunoni, biyan shaidu da masu taya alƙali, da riƙe lissafin kuɗin kotun tarayya. Kaso mai yawa na shari'o'in ya shafi yankunan da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasar, kamar satar dabbobi da sayar musu da barasa ba bisa doka ba. Ɗan ma'ajin da ya gudu saboda ɓatan kuɗi ya yi sama da shekara goma sha biyu yana riƙe da dukiyar tarayya a muƙamai biyu, ya sauka da mutuncinsa. A 1912, lokacin da Roosevelt ya ɓalle daga jam'iyya ya ƙalubalanci Taft, Bullock ya sami kansa tsakanin amininsa da shugaban da yake yi wa aiki, amma abotar ba ta yanke ba.

Hasumiya a kan dutse

A 1910 Bullock ya je Landan ya tarbi Roosevelt bayan dawowarsa daga farauta a Gabashin Afirka. A 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, Roosevelt ya sa sunansa cikin jami'an da za su tara rundunar 'yan sa kai zuwa Faransa, duk da cewa ya kusa shekara saba'in. Shugaba Wilson ya ƙi amincewa da shirin. A shekarar ce kuma Sol Star ya rasu.

Roosevelt ya mutu ranar 6 ga Janairu, 1919. Bullock, wanda ciwon daji ya riga ya kama, ya ƙarar da sauran ƙarfinsa wajen gina masa abin tunawa. Tare da ƙungiyar mazaunan farko na Black Hills, ya sa aka canza sunan wani dutse da ke kusa da Deadwood zuwa Dutsen Roosevelt, aka gina hasumiyar duwatsu a ƙololuwarsa. An buɗe ta ranar 4 ga Yuli, 1919. Bayan wata biyu da 'yan kwanaki, ranar 23 ga Satumba, Seth Bullock ya rasu a gidansa na Deadwood yana da shekara 70. An binne shi a maƙabartar Mount Moriah, inda Hickok da Calamity Jane suke kwance, amma nasa kabarin yana can sama da na kowa, yana fuskantar hasumiyar amininsa, kamar yadda ya yi wasiyya. Martha ta rayu har 1939.

Abin da wasan ya bari a baya

Milch ya fara tunanin rubuta labarin ne a kan tsohuwar Rum, yana son nuna yadda tsari ke fitowa daga rikici a inda babu doka. Da ya tarar tashar na da wani shiri a kan Rum, sai ya mayar da tunanin Deadwood. Saboda haka ya tsaya a 1876 da 1877, ya bar gandun daji, jirgin ƙasa da ofishin marshal, waɗanda ba su da armashi a allo. Fim ɗin 2019 ya tsallaka zuwa 1889, shekarar da Dakota ta Kudu ta zama jiha, ya tsaya a nan.

Garin kansa yana cin moriyar sunan. An ayyana shi wurin tarihi na ƙasa a 1961, aka halatta caca a cikinsa a 1989 don samun kuɗin gyara tsofaffin gine-gine, kuma masu yawon buɗe ido na hawa tudun Mount Moriah suna neman kabarin mutumin da suka gani a talabijin.

Akwai lissafin da bai rufu ba. Dokar da Bullock ya yi wa hidima ta zauna ne a kan ƙasar da aka karɓe ta hanyar karya yarjejeniya. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke cewa an ƙwace Black Hills ba tare da biyan diyyar da ta dace ba, ta tabbatar da hukuncin biyan al'ummar Sioux sama da dala miliyan 100. Sun ƙi karɓa, domin karɓar kuɗin na nufin sun sayar da duwatsun. Kuɗin yana ajiye a asusun gwamnati yana tara ruwa, ya haura dala biliyan ɗaya, kuma jikokin waɗanda aka kora daga Paha Sapa har yanzu ƙasar suke nema.